Daga Kufai zuwa Mujalla: Shirya Maƙalar Binciken Kayan Tarihi, da Misali daga Maijirgi

Maijirgi gari ne a gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, bisa babbar hanyar da ta nufi Damagaram. Sunansa ya shiga littattafan tarihi saboda abin da ya auku a watan Yulin 1899. A lokacin ne rundunar Faransawa da Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ke jagoranta ta iso yankin, bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu, ta kuma yi kisan gilla a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe Laftanar-Kanar Klobb a Dankori, wato jami'in da gwamnatinsu ta aiko ya karɓe ragamar rundunar. Bayan kwana biyu sojojin suka yi bore suka kashe Chanoine, washegari kuma aka kashe Voulet. A Maijirgi kaburburansu suke. An ruwaito cewa a 1923 Robert Delavignette, wani jami'in mulkin mallaka a Tasawa, ya sa an buɗe su, aka tarar babu kowa a ciki.

Wannan magana ta ƙarshe ta yi ta yawo daga littafi zuwa littafi, har ta ƙarfafa jita-jitar cewa mutanen ba su mutu a wurin ba. Sai dai wanda ya san aikin tono ba zai karɓe ta haka kawai ba. Zai so ya ji zurfin da aka haƙa, da wanda ya nuna wurin, da ko an ga gefen ramin farko a jikin ƙasa, da ko ƙasar da aka kwashe ta taɓa motsuwa kafin ranar, da ko irin ƙasar wurin mai cinye ƙashi ce. Maganar, yadda take yawo, ba ta ɗauke da amsar ko ɗaya daga cikinsu. Kuma ba a iya komawa a sake tonon, domin ramin da aka buɗe ya buɗu ke nan.

A nan ne ilimin kufai, wato fannin da ke nazarin rayuwar mutanen da ta hanyar abin da suka bari a ƙasa, ya sha bamban da kimiyyar harshe. Mai nazarin harshe yana iya komawa wurin wanda ya ba shi bayani ya sake tambaya, ko ya sake sauraren muryar da ya naɗa sau goma. Shi kuwa mai tono yana rushe abin da yake karantawa ne a daidai lokacin da yake karanta shi. Idan ya gama, babu abin da ya rage na tsarin ƙasar sai abin da ya rubuta da abin da ya zana. Maƙalarsa ce ke tsayawa a madadin kufan. Yawancin sharuɗɗan da mujallun fannin ke gindayawa, waɗanda sabon marubuci kan ɗauka tsanani ne kawai, daga nan suka samo asali. Ɗalibin harshe kuwa yana da rabo a cikin zancen, domin shi ake nema ya yi tafinta a fili, ya rubuta hirarraki, ya daidaita sunaye, wani lokaci kuma sunansa na shiga jerin marubuta.

Abin da ke gaban rubutu

A ɗauka cewa wani ayarin manazarta ya yi aiki a wani kufai tsakanin Maijirgi da Mayahi, ya tattara tsingaro da gawayi da kashin maƙera, ya kuma zanta da dattawan ƙauyukan da ke kusa. Abu na farko da edita zai duba ba sakamakon ba ne, izini ne. A Nijar, doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997, wadda ta shafi kare kayan gado na al'adu, ta sa tono ya rataya ga yardar hukuma, kuma cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai ita ce gidan wannan fanni a ƙasar. A Nijeriya hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke ba da izini. Dole maƙala ta faɗi wanda ya ba da izinin, da shekarar, da inda kayan da aka tono suke a ajiye yanzu, domin wanda ya yi shakka ya je ya gani da idonsa. Yardar maigari da mai gona ba ta cikin takardar hukuma, amma ita ma ana ambatonta. Idan kuwa an ci karo da kabari, to maganar ta ƙara nauyi: sai an bayyana wanda aka tuntuɓa, da abin da aka yi da ƙasusuwan daga baya.

Jinkiri shi ne babbar cutar wannan fanni. An tona kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina a 1907 a ƙarƙashin H. R. Palmer, aka sake tonawa a 1992 tare da manazarta daga Jamus, amma littafin da ya gabatar da kayan, wanda Detlef Gronenborn ya shirya, bai fito ba sai a 2011. Can an yi sa'a kayan sun tsira, aka kuma sami masu gyara su. Sau da yawa littafin rubutun fili kan ɓace, gara ta cinye takardun da ke cikin jakunkunan tsingaro, wanda ya yi tonon ya yi ritaya ko ya rasu. Shi ya sa shawarar da ta fi dacewa ga ƙaramin ayari ita ce ya fitar da gajeren rahoto tun ƙurar fili ba ta kwanta ba, cikakkiyar maƙala ta biyo baya.

Zaɓen mujalla

Ba a rubuta maƙala sannan a shiga nema mata gida. Gidan ake fara zaɓa, domin shi ke yanke tsawo da harshe da irin hujjar da za a kawo. Nyame Akuma, wadda ƙungiyar masana kufan Afirka ke fitarwa, ta gajerun rahotannin fili ce, da Ingilishi ko Faransanci, kuma nan ne mazaunin rahoton farko. West African Journal of Archaeology ta fara fita a Ibadan a 1971. Azania, ta cibiyar binciken Birtaniya da ke Nairobi, ta faro a 1966, kuma duk da ta fara da Gabashin Afirka, yanzu nahiyar duka take ɗauka. African Archaeological Review ta fara a 1983, Journal of African Archaeology kuwa a 2003 a Frankfurt. A gida akwai Mu Ƙara Sani ta IRSH, wadda sunanta na Hausa ne ko da yake Faransanci ne harshen aikinta.

Manyan mujallun ba sa wadatuwa da jerin abin da aka samu. Suna son tambaya wadda mai karatu a Dakar ko Nairobi zai damu da amsarta. Cewa an sami tsingaro dubu a wani kufai labari ne. Cewa tukwanen wurin sun sauya salo a daidai shimfiɗar da aikin ƙarfe ya bayyana, wannan magana ce da za a iya yi wa gardama, kuma ita ake nema. Hanya mafi sauƙi ta gane halin mujalla ita ce a karanta fitowarta ta shekara biyu ko uku da suka wuce, sannan a karanta ƙa'idojinta na marubuta layi-layi. Malamin jami'a a Nijar zai kuma duba ko mujallar na cikin waɗanda CAMES ke la'akari da su wajen ƙarin girma. Akwai kuma mujallun bogi da ke aiko da saƙon gayyata ta imel, su yi alkawarin bugawa cikin mako biyu idan an biya kuɗi. Tantancewa ta gaskiya ba ta ƙarewa a mako biyu.

Jikin maƙala

Tsarin bai yi nisa da wanda ɗaliban harshe suka sani ba: take, tsakure, fitilun kalmomi, gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, dabarun bincike, sakamako, tattaunawa, godiya, manazarta. Azania da African Archaeological Review suna buga tsakure da Ingilishi da Faransanci duka biyu, kuma tsakuren ne abin da yawancin mutane za su karanta su wuce, saboda haka ya faɗi abin da aka gano ƙarara, ba abin da maƙalar za ta yi ƙoƙarin dubawa ba.

Inda aikin yake shi ne tsakanin dabaru da sakamako. Mai karatu yana buƙatar taswira biyu aƙalla, ɗaya ta nuna yankin a cikin ƙasa, ɗaya ta nuna kufan da inda aka yanka kowane rami, kowace da ma'auni da kibiyar arewa. Yana buƙatar zanen bangon ramin, inda za a ga shimfiɗun ƙasa bisa juna, kowace da lambarta da launinta da kaurinta: rairayi, toka, laka, daɓe. Launin ma ba da ido ake faɗarsa ba, da littafin launuka na Munsell ake aunawa, domin jar ƙasar wani ita ce ruwan ƙasar wani. Kowane abu da aka ambata a maƙalar sai an iya mayar da shi shimfiɗar da ya fito. Abin da aka tsinta a saman ƙasa, bayan shekaru na noma da iska, a ce a sama aka tsince shi. Ƙa'ida mafi wuyar kiyayewa ita ce raba gani da fassara. "An sami toka mai kaurin santimita goma" gani ne. "An ƙone garin" fassara ce, kuma a yankin da kowa ya san labarin 1899, hannu na saurin rubuta ta biyun alhali tokar na iya zama ta murhu ko ta juji.

Maganar shekaru tana da nata ladabi. Duk abu mai rai yana ɗauke da sinadarin kabon-14, kuma daga ranar da ya mutu sinadarin ke raguwa da rabi a kowace shekara 5,730 ko kusa da haka. Ɗakin gwaji kan ba da lamba, a misali 600 ± 30 BP, inda BP ke nufin ƙirge baya daga 1950. Wannan lamba ba shekarar kalanda ba ce. Sai an daidaita ta da ma'aunin da masana suka amince da shi, wanda na 2020 ake kira IntCal20, ta amfani da manhaja irin OxCal. Mujalla za ta nemi jadawali mai ɗauke da lambar ɗakin gwaji, da abin da aka auna, da shimfiɗar da ya fito, da ɗanyar lambar, da tazarar shekarun bayan daidaitawa. Abin da aka auna yana da muhimmanci, domin gawayin tsohuwar bishiya na iya girme wutar da ta ƙone shi da shekaru masu yawa, alhali ƙwayar gero da ta ƙone shekararta ɗaya.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi Maijirgi kai tsaye. Daga wajen 1650 zuwa 1950 ma'aunin kabon ba ya rarrabe shekaru da kyau, ta yadda gawayin 1899 da na ƙarni na 18 kan ba da amsa mai kama da juna. Ke nan duk wanda ke son danganta wata shimfiɗa da zuwan Voulet ba zai dogara da ɗakin gwaji ba. Sai ya koma ga kwanson harsashi, da fasasshiyar kwalba, da duwatsun wuya, da takardun zamanin, da abin da mutanen gari suka riƙe a ka. Daga nan ne aikin ya faɗo hannun mai nazarin harshe.

Sunaye da maganar baka

Sunan garin kansa ya isa darasi. A takardu ana samun Maïjirgui, da May Jirgui, da Mayjirgui, da Maijirgi. Tasawa kuwa, wadda Heinrich Barth ya ratsa a watan Janairun 1851, ita ce Tessaoua a taswirar hukuma. Rubutun Faransanci yana sa ou a madadin u ko w, yana ƙara u bayan g domin ya kare furucinsa, kuma ba shi da ƙugiya ko kaɗan: Maraɗi ta zama Maradi, Ƙonni ta zama Konni. Takardar da ta rubuta Dankori ba za ta faɗi ko harafin farko d ne ko ɗ ba. Bakin mutanen wurin ne zai faɗa. Mafi ɓarna shi ne yadda aka yanke mahaɗin nasaba -n daga jikin kalmarsa aka manna wa ta gaba. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi, ya koma Goulbi N'Kaba, Birnin Ƙonni ya koma Birni N'Konni, har wanda bai ji Hausa ba ya ɗauka akwai wata kalma N'Kaba.

Wannan ba ƙorafin masu son tsabtar rubutu ba ne kawai. Manazarcin da ya nemi Maijirgi a rumbun mujallu na intanet ba zai ga maƙalar da ta rubuta May Jirgui ba, kuma wuri ɗaya mai suna huɗu na iya zama wurare biyu a taswirar wanda bai taɓa zuwa ba. Maganin shi ne a zaɓi rubutu ɗaya a riƙe shi daga take har taswira, a kawo sauran a farkon ambato, a kuma faɗi ƙa'idar da aka bi. Faɗin ƙa'idar ya zama dole domin Hausa na da biyu: tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin daidaitawa, amma har yau ƙa'idar Nijar ta 1999 na rubuta ƴ inda ta Nijeriya ke rubuta 'y. Idan hujja ta rataya ga ma'anar wata kalma, sai a nuna karin sauti da tsawon wasali a wannan kalmar, ko da sauran rubutun bai nuna ba.

Fassara suna kuwa wuri ne mai santsi. Maijirgi a fili yake cewa mai ne da jirgi. Amma wane jirgi? Ba na ƙasa ba ne, ba na sama ba, tunda sunan ya riga su zuwa ƙasar Hausa. Kalmar na nufin abin hawa a ruwa, ana kuma kiran kwamin shayar da dabbobi da ita. Marubucin da ya zaɓi ma'ana ɗaya ya gina mata labarin tsohon kogi ko tsohuwar rijiya, ba tare da ya faɗi wanda ya gaya masa ba, ya yi abin da mai tantancewa zai kama. Aikin Anne Haour a Kufan Kanawa da ke jihar Damagaram, wanda ya fito a littafi a 2003, misali ne na irin wannan matsala: sunan wurin da labarin baka suna danganta shi da mutanen Kano, amma suna shaida ne a kan abin da mutane suka yarda da shi, kuma sai an kawo wata hujja daban kafin a ce ƙasa ta gaskata shi. Haka kalmomin kufai, birni, ganuwa, marina da maƙera: sukan nuna inda ya kamata a duba, ba sa faɗin abin da za a samu.

Sunayen tukwane ma haka. Da zarar an kira wani guntun baki randa ko tulu ko kasko, an riga an yanke hukunci a kan aikinsa, alhali abin da ke hannu siffa ce da faɗi da kauri. Ya fi kyau a siffanta shi, sannan a ce maginan tukwanen yankin a yau suna kiran mai wannan siffa kaza. Don zanen da ake yi ta hanyar mirgina igiya ko ɗan icce a jikin ɗanyar tukunya, akwai littafin da Haour da abokan aikinta suka fitar a 2010 domin daidaita sunayen a tsakanin Ingilishi da Faransanci, kuma masu tantancewa kan so su ga an bi shi.

Hirar baka tana da shimfiɗu kamar yadda ƙasa ke da su. Abin da dattijo ya ji daga kakansa daban ne da abin da ya ji a rediyo. Littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani ya fito a 1980, fim ɗin Med Hondo ya biyo a 1986, African Apocalypse kuma a 2020, kuma duk sun komo sun shiga cikin abin da ake faɗa a zaure. Wannan ba ya rage darajar mai magana, amma yana wajabta wa marubuci ya tambayi daga wa aka ji, ya kuma rubuta ranar hirar, da wurin, da harshen, da waɗanda ke zaune, da wanda ya yi tafinta. Idan an kawo maganar mutum, a kawo ta da Hausarsa sannan fassara ta biyo. Kuma a bar masa karin harshensa. Wanda ya ce tahiya ko hwari, kada a mayar da shi Bakano a kan takarda da sunan gyara, domin wani manazarcin na iya zuwa neman wannan furucin. Sunan mai magana ba ya fita sai da yardarsa.

Akwai bayani ɗaya da wani lokaci ake ɓoyewa da gangan, wato ainihin inda kufan yake. An gano wurin Bura a yammacin Nijar a 1975, Boubé Gado ya tona shi a 1983, kuma bayan mutum-mutumin yumɓunsa sun yi suna a Turai, masu tonon sata suka far wa yankin, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura a jerinta na abubuwan da ke cikin haɗari a 2000. Saboda haka idan wuri ba shi da tsaro, akan ba da lambobin taswira a dunƙule cikin maƙala, a ajiye na daidai a hannun hukuma, a kuma gaya wa edita dalili.

Miƙawa da tantancewa

Yawancin manyan mujallu ta shafin intanet suke karɓar aiki. Akan ɗora rubutun daban, hotuna daban, kowane da lambarsa, kuma hoton da bai kai ɗigo 300 a inci ba yawanci ba ya buguwa da kyau. Taswira ko hoton da aka aro sai da izinin mai shi a rubuce. Idan mujallar na ɓoye sunan marubuci daga masu tantancewa, sai a cire shi daga shafin farko da godiya da bayanan da kwamfuta ke liƙa wa fayil. Wasiƙar rakiya gajeriya ce: abin da aka gano, dalilin da ya sa ya dace da wannan mujalla, da tabbacin cewa ba a buga shi ba kuma ba ya hannun wata mujallar. Miƙa maƙala ɗaya ga gida biyu lokaci guda laifi ne da editoci ba sa mantawa. Manazarta kuwa a bi salon mujallar harafi da harafi, kowace madogara da ke cikin rubutu ta bayyana a jerin, kowace da ke jerin ta bayyana a rubutu.

Jerin marubuta a sasanta shi tun kafin a fara rubutu. Wanda ya yi hirarrakin, ya rubuta su, ya fassara, ya kuma yi musu sharhi, ya yi aikin ilimi, ba aikin rakiya ba, kuma matsayinsa ya wuce layi ɗaya a sashen godiya. An daɗe ana buga binciken ƙasashen Sahel da sunayen baƙi kaɗai, alhali ƙafar 'yan gida ce ta kai su wurin. Gyaran wannan ya fi sauƙi a teburin farko fiye da bayan maƙala ta fito.

Edita na iya mayar da aiki tun bai aika wa kowa ba, idan ya ga bai dace da mujallar ba. Idan ya wuce wannan mataki, yakan tafi hannun masana biyu ko uku, kuma jiran na ɗaukar watanni. Amsa ɗaya ce daga cikin huɗu: karɓa, ƙaramin gyara, babban gyara, ko ƙi. Ta farko ba kasafai ake samunta ba. Sabon marubuci kan karanta "babban gyara" ya ɗauka an kore shi, alhali ƙofa ce aka bari a buɗe. Abin yi shi ne a jera kowace magana ta mai tantancewa, a rubuta a gabanta abin da aka gyara da shafin da yake. Inda ba a yarda ba, a faɗa cikin ladabi tare da hujja. Wannan na faruwa sosai a kan harshe, domin mai tantancewa na iya zama gwani a tukwane amma bai ji Hausa ba, ya nemi a mayar da Gulbin Kaba yadda ya saba gani a taswira. Jimla biyu a kan mahaɗin nasaba, da madogara daga nahawun Paul Newman na 2000, sun isa amsa.

Batun kuɗi a duba shi tun da wuri. Mujallu da yawa ba sa karɓar komai idan maƙala za ta zauna a bayan katangar biyan kuɗin karatu, amma suna neman kuɗi mai yawa idan ana so kowa ya karanta kyauta. Wasu kamfanonin ɗab'i na yafe wa marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, sai dai wani lokaci sai an nema. Zaɓin na da nauyi, domin maƙalar da ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ba zai iya buɗewa ba ta yi nisa da mutanen da aka rubuta ta a kansu. Yawancin mujallu na barin marubuci ya ajiye kwafin da aka amince da shi a rumbun jami'arsa, kuma yarjejeniyar da ake sa wa hannu ita ke faɗin yaushe.

Mataki na ƙarshe shi ne gwajin ɗab'i, wanda akan ba marubuci 'yan kwanaki kawai ya duba. Ba lokacin sauya hujja ba ne, lokacin farautar kuskure ne, kuma ga maƙala mai Hausa a ciki kuskuren da wurin zamansa sananne ne. Masu tsara shafukan galibi ba su taɓa ganin ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba. Idan nau'in harafin da suka zaɓa ba shi da su, sai su fito a matsayin akwati ko alamar tambaya, ko kuma manhaja ta sauya su da k da d da b ba tare da ta sanar da kowa ba. Na biyun ya fi haɗari domin ido na wucewa ta kansa. Saboda haka a rubuta da haruffan Unicode tun farko, a gaya wa edita a wasiƙar rakiya cewa akwai su, sannan a gwajin ɗab'i a bi su ɗaya bayan ɗaya: a take, a tsakure biyun, a jadawali, a ƙarƙashin hotuna, a jerin manazarta, da kuma cikin taswirar kanta, inda rubutun ya riga ya zama hoto kuma babu manhajar da za ta nemo shi.